Kurnar Kaka da Takardar Kumasi

Wata Lahadi ce, ranar kasuwar Tawa, cikin bazarar 1966. Ina tsugune bakin murhu ina fama da wutar da ta ƙi kamawa, sai na ji mahaifina yana kirana daga zaure da cikakken sunana. A gidanmu ba a ce mini Habsatu sai in na yi laifi ko an yi baƙi, kowa Habsu yake cewa, don haka na goge hannu a zane na fita ina tunanin abin da na fasa cikin makon. Na tarar da shi zaune cikin fatunsa, don baduku ne, ya ajiye basilla gefe, yana riƙe da wata ambulan da yatsa biyu kamar za ta cije shi. Wani farke mai goro ne ya kawo ta daga Kumasi, ta yi kwanaki a aljihunsa har ta sha gumi ta naɗe a kusurwa. Baba ya miƙo mini ita ya ce, "Tunda ke ka karatun Ingilishi, zo ki hwaɗa muna abin da Yaya yac ce." Wata bakwai ke nan da shigata kolej, kuma Ingilishin da ke kaina bai wuce gaisuwa da sunayen ranaku da "wannan alƙalami ne, wancan tebur ne" ba. Amma na karɓa da hannu biyu ina hura hanci, don a lokacin ba abin da na fi so irin a ce na sani.

Kafin in faɗi abin da ke cikin takardar, sai in faɗi abin da ke tsakar gidanmu. Wata kurna ce, babba, wadda mutum biyu ba su rungume gindinta. Kakata, wadda muke kira Kaka Cima, ta tarar da ita tana ɗan tsiro lokacin da aka kawo ta gidan, ta kewaye ta da ƙaya don awaki, ta raine ta da ruwan wanke-wanke shekara da shekaru. Wanda bai san Tawa ba ba zai gane darajar wannan ba. Gari ne na dutse da rana, inda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun kafin azahar, don haka gidan da ke da inuwa ya fi gidan da ke da doki. A ƙarƙashin kurnar nan turminmu yake, da randunan da ni da ƴan'uwana muke cikawa daga rijiya kowace safiya kafin mu tafi lekol, wato makarantar boko. A nan ake surfe da tankaɗe, a nan ake kitso, a nan muke carafke da duwatsun da muka goge har suka yi santsi. A nan kuma Kaka take shimfiɗa tabarmarta tun hantsi, da mazarinta da audugarta da ɗan allinta, tana kaɗi tana gyangyaɗi, tana farkawa ta zagi yaran unguwa masu jifar ƴaƴan kurna ta kan katanga. Ni aikina sharar ƙaya ne da ganye, safe da marece, kuma na tsani aikin nan iyakar tsana. Ladana shi ne ƴaƴan da nake cika bakin zane da su in kai lekol, in musanya da ƙuli ko da leƙen kaye, wato littafin rubutu, na wata da ta fi ni iya lissafi.

Mai takardar kuwa yayan mahaifina ne, muna ce masa Baba Babba. Shi ne ɗan farin Kaka, shi ne kuma mai gidan tun rasuwar kakanmu. Ya tafi cirani bayan kaka kamar yadda mazan yankinmu na Adar suka saba, sai dai su suna dawowa da ruwan farko, shi kuwa shekara shida ke nan ba a ga ƙeyarsa ba. Ɗakinsa na soro yana nan a kulle a gabashin gida, kuma wani babban reshen kurnar ya miƙe bisa rufin, yana gogar yaɓe in an yi iska, yana zuba ganye yana toshe indararo. Daminar da ta wuce ɗakin ya yi yoyo, shi ne Baba ya aika masa da saƙon baka yana tambayar abin da za a yi. Mahaifina mutum ne wanda ko turken akuya ba ya sauya wa wuri sai da izinin yayansa. Ita kuwa Kaka, saboda kunyar ɗan fari, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Mutumin Kumasi" take ce masa, kuma ko gaisuwarsa aka kawo mata sai ta kau da kai ta shiga tambayar ko an ba awaki dusa.

Baba Babba bai iya rubutun boko ba. Takardar, wani mai tafireta ne da ke zama bakin gidan waya a can ya buga masa ita, shi ya sa ta zo da Ingilishi. Kafin in gama buɗe ta, maƙwabcinmu Tanko ya shigo zauren ba sallama. Tanko ya yi shekara tara yana gadi a Kumasi, ya dawo da baƙin tabarau da kalmomi kamar ashirin, kuma saboda yana gaida mutane da "gudumoni" ko da bayan la'asar ne, sunan ya bi shi, kowa Tanko Gudumoni yake ce masa. Bai san baƙi ko ɗaya ba, amma ya zauna ya miƙe ƙafa ya ce in karanta shi zai fassara. Na bi gaisuwa ina tuntuɓe, na gane yana lafiya, yana gaida tsohuwa da yara. Sai na zo kan wani layi, wanda har yau ina iya rufe ido in gan shi: "Cut back the big tree before the rain comes." Babban icce na gane, ruwan sama na gane. Kafin in haɗa sauran, Tanko ya buga cinya. "Kat! Wanga ai ko jinjiri ya san shi. Sara na. Bak kuma baya na. A sare iccen a jibge shi bayan katanga tun ruwa bai taho ba, ba wata gardama." Baba ya juyo ya dube ni ya ce, "Hakanan na?" Ni kuwa na san an koya mana cewa "cut" yanka ne, "back" kuma baya, ga shi ba na son in ce ban sani ba gaban Tanko. Na ce hakanan ne. Baba ya ninke takardar, sannan ya ce a gaya wa Agali, wani Buzu mai saran icce da ke kawo mana makamashi, ya zo ranar Alhamis da gatarinsa.

Da maganar ta shiga cikin gida, innarmu ta saki muciya ta yi salati, ƙannena suka fara kuka don sun ga manya sun ɓata rai. Kowa ya zuba wa Kaka ido, don ita kaɗai ke iya cewa a'a. Ita kuwa ta ci gaba da kaɗinta. Yaya za ta yi jayayya da maganar ɗan da ko sunansa ba ta kamawa? Washegari da na dawo daga rijiya sai na ga ta naɗe tabarmarta ta kai ƙofar ɗakinta, inda inuwar bango ba ta wuce taki biyu ba, ta zauna a takure tana kaɗi, zaren yana tsinkewa tana ɗaurawa. Na ce mata ai da sauran kwana uku, ta koma wurinta. Ta ce, "Gara in saba tun yanzu." Wannan maganar ta fi mini duka ciwo. Na ɗauki tsintsiya na share gindin kurnar har sau uku ba wanda ya sa ni, ina share hawaye da bayan hannu, don na san da bakina aka yanke mata hukunci, kuma a can cikin raina ban tabbata abin da na faɗa gaskiya ne ba. Abin da ya tsaya mini shi ne "back" ɗin nan. In sarewa ake nufi, me ya kawo baya cikin maganar?

Mai koya mana Ingilishi wani ɗan Togo ne, Mushe Kwami, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, wanda ya tashi a bakin iyakar Gana. Gajere ne, mai gashin baki a daidaice kamar an ja shi da alƙalami, yana zuwa kan keke da kwat cikin zafin da ko ƙadangare ke neman rami. Muna tsoronsa ƙwarai, don in ka yi kuskure ba ya duka, maimaita kuskuren yake yi da muryarka har aji ya mutu da dariya. Mu ƴan mata huɗu ne kacal cikin ajin, kuma mun yi wa kanmu alkawarin ba za mu ɗaga hannu ba sai dole. Litinin ta wuce ban yi ƙarfin hali ba, Talata ma haka. Ranar Laraba, da na tuna gobe gatari zai shigo gidanmu, na kwafe layin a bayan kayena, na jira ya gama kiran suna, na miƙe na ce da Faransanci ina da tambaya. Ya karɓi kayen ya karanta, ya tambaye ni iccen wa za a taɓa. Na ba shi labari duka, har da fassarar Tanko. Na zaci zai yi dariya. Sai ya cire kwat ya rataye a ƙofa, abin da ba mu taɓa gani ba, ya ce mu rufe littattafai, yau darasin kurna za a yi.

Ya zana icce a allo, ya rubuta "cut down" a gefe ɗaya, ya goge iccen daga gindi da tafin hannunsa har ba abin da ya saura. Ya sake zana wani, ya rubuta "cut back", ya goge bakin rassan kawai, ya bar gindi da manyan rassa a tsaye. Ya ce kalmar farko ɗaya ce, amma ƴar ƙaramar da ke biye da ita ita ke riƙe da ran iccen: ta farko kayarwa ce, ta biyu mayar da shi baya ne zuwa inda bai dami kowa ba, don ya sake tohowa. Daga nan abin ya ɗauke shi. Ya ce Ingilishi yana da kalmomin ragewa da yawa, kuma kowace da abin da take ci. Ya shafa gashin bakinsa ya ce wannan "trim" ake yi masa, a ɗauke kaɗan don ya yi kyau. Mai lambu da ya san aikinsa, in yana cire rassa don icce ya ƙara ƴaƴa, "prune" yake yi. Ya kama ƙafar wandon wani yaro, Idi, wanda ya gada daga wansa yana jan ƙasa, ya ce tela zai yi masa "shorten", wato a rage tsawo. Gishiri in ya yi yawa a miya, ko gudun mota, sai a yi "reduce". Littafin karatunmu ma, in ji shi, asalinsa ya ninka haka sau biyar, an yi masa "abridge" ne don ƙananan kawuna irin namu. Wanda ya katse maka magana ya yi maka "cut short", wanda ya guntule abu ya raba shi da jikinsa ya yi "cut off". Sannan ya nuna ni da alli ya ce Habsu ma "short for" Habsatu ne, an rage sunan amma yarinyar tana nan yadda take, da taurin kanta. Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi, karo na farko tun Lahadi. A ƙarshe ya ce mu kawo namu na Hausa, muka yi ta jefowa: rage, gajarta, taƙaita, datse, katse, aske, sare. Ya ce to, mu da muke da waɗannan duka, me ya sa muka zaci wasu mutane kalma ɗaya gare su?

Da aka tashi ban tsaya jiran ƙawayena ba, da gudu na iso gida takalmi a hannu. Na tarar da Baba a zaure, Tanko kuma yana nan kamar an dasa shi. Na durƙusa na ce na yi kuskure ranar Lahadi, takardar ba sarewa ta ce ba, ragewa ta ce. Tanko ya cire tabarau ya dube ni sama da ƙasa. "Shekara tara niy yi cikin masu harshen. Ɗiyar da anka haihwa jiya za ta gyara mini?" Na ce ba ni na faɗa ba, Mushe ne, na kuma buɗe kaye na nuna musu itatuwan nan biyu da na kwafo daga allo. Bakina bai tsaya nan ba, don ban iya tsayar da shi ba tun ina ƙarama. Na ce wa Tanko, in an ce ya yanke ƙumba, yatsan yake cirewa? Baba ya daka mini tsawa ya ce in shiga gida, ba a yi wa manya haka. Na shiga ina kuka, na tabbata na ɓata komai da rashin kunyata. Yanzu da na girma na gane halin da na sa shi. In ya bi maganata ya zama kuskure, ya saɓa wa yayansa saboda yarinya ƴar shekara goma sha uku, kuma unguwa duka za ta ce ga amfanin kai ɗiya mace lekol. In ya bi ta Tanko, uwarsa za ta ƙare kwanakinta a gindin bango.

Alhamis ba mu zuwa lekol, don haka ina nan lokacin da Agali ya iso da sassafe, gatari a kafaɗa, barandami a hannu. Ya kewaya kurnar sau biyu yana dubanta, ya dafa gindin, sannan ya ce wa Baba, "Baduku, sara ko aski? Hwaɗa mini tun ban hau ba. Wanda anka aske shina sake gashi, wanda anka sare sai wuta." Tanko yana leƙe ta ƙofar zaure, innarmu ta tsaya da taɓarya a hannu. Baba ya dubi ɗakin yayansa, ya dubi Kaka da ke ƙofar ɗakinta ta ba mu baya kamar abin bai shafe ta ba, sannan ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Yi mata aski." Agali ya ajiye gatari ya hau da barandami. Kafin rana ta take ya sauke reshen da ke kan soro da wasu guda shida, awakinmu da na maƙwabta suka yi bikin ganye, mu kuma muka kwashi ƙaya har hannuwanmu suka yi jini.

Ba zan ɓoye ba, kurnar ta yi muni. Ta tsaya tsakar gida kamar kazar da aka fige, yaran unguwa suna leƙowa suna ce mini "Habsu mai askin icce". Tanko ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata. Amma da ruwa ya sauka muka tafi shuka gonarmu ta hanyar Kalfu, muka yi kwanaki muna dawowa a gajiye ba mai ɗaga kai, sai wata safiya na ga duk inda barandami ya taɓa ya fitar da toho kore shar. Kafin a yanke gero inuwar ta rufe turmi da randuna. Soron bai sake yoyo ba. Ba wanda ya ce wa Kaka ta koma, ita ma ba ta ce za ta koma ba, kawai na dawo daga rijiya ne na tarar da tabarmar a wurinta na da, tana zagin wani yaro da ya jefo dutse.

Bayan shekara uku da wani abu, lokacin da mutanenmu suka yi ta dawowa daga Gana, Baba Babba ya sauka daga babbar mota da akwatin ƙarfe ɗaya da tari a ƙirji. Ya shigo gida ana ta murna, sai ya tsaya cak yana kallon sama. "Wagga ba ita nic ce a sare ba?" Ashe sarewa ya nufa. Ya ce shi dai ya gaya wa mai tafireta "kat", ya kuma kwatanta masa da hannu, abin da mutumin ya buga kuwa Allah kaɗai ya sani. Ko bai fahimce shi ba ne, ko kuwa ya ji an ce tsohuwa na zama ƙarƙashin iccen ya ga bai iya buga wannan kalma ba, har yau ban sani ba. Tanko, da ke cikin ƴan taryar, ya gyara tabarau ya fara kumbura. Kaka kuwa ba ta dubi ɗanta ba, ni ta duba. "Habsu, gaya ma baƙon ga, in inuwar ba ta yi mishi ba, ga rana can, ba mai ita." Baba Babba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya sa aka kawo masa tabarma ya zauna daga ɗaya gefen gindin. A nan ya yi jinyarsa, a nan ya warke, kuma a nan ya yi sauran shekarunsa yana karɓar baƙi, shi da uwarsa kowa da gefensa, ba mai kallon wani.

Ni kuwa daga ranar Larabar nan Ingilishi ya kama ni, har na ƙare ina koyar da shi a garinmu, kuma ba ajin da ya wuce ta hannuna ban zana masa itatuwa biyu a allo ba. Yanzu ba a aiko takarda daga cirani. Yaranmu da ke Abijan da Libiya sai su danna wayar salula, muryarsu ta faɗo tsakar gida a ranar da suka yi maganar, ba farke, ba mai tafireta, ba yarinyar da za a kira daga bakin murhu. Abu ne mai kyau, ni ma ina jin daɗin jin jikokina. Ta haka ne, bayan su Kaka da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya, ɗan Baba Babba da ya gaji gefen gidan ya kira daga Abijan, yana son a gina shaguna a inda kurnar take. Ina zaune aka ɗaga muryar wayar kowa ya ji, da Hausarmu ta Adar, sarai: a sare ta. Na juya maganar ta kowane gefe ban sami inda zan rage ta ba. Ba na ƙorafi, don shekara arba'in da ɗoriya muka ƙara sha a inuwar nan albarkacin kalma mai baƙi huɗu. Sai dai har yau in na shiga gidan da tsakar rana, ƙafata can take nufa kafin in tuna.